Wai Zufa Ta Isa, a Yar da Ƙwayar Hawan Jini?

Wata murya ta kwana biyu tana yawo a WhatsApp tsakanin Tasawa da Mayahi. Ta shiga rukunin dangi, ta shiga na ƴan kasuwa, ta kai ga na tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, kuma galibi ƴaƴa ne ke kunna wa iyayensu ita, da kyakkyawar niyya. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya koyi abin da yake koyarwa ba, ya dai kira kansa koci. Umarninsa shi ne duk dattijon da ke da hawan jini, wato tansiyo, ya fito bayan sallar asuba ya yi sassarfa har rigarsa ta jiƙe, kada ya sha ruwa sai zufar ta bushe, ya dage a kan haka kwana 40, daga nan ya yar da ƙwayoyin likita, don wai su ne ke kashe ƙoda. Ya ƙara da cewa ba sai an nemi wani gwani ba, kowane saurayi da ya taɓa buga ƙwallo ko ya shiga filin kokawa zai iya tara tsofaffin unguwa ya ja su.

Da a ce duka ƙarya ce da ba ta yi nisa haka ba. Farkonta gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, irin tafiyar da ke sa numfashi ya ɗan hau amma mutum yana iya hira da na kusa da shi. Ta kuma ce ya ware kwana 3 ko fiye a mako don atisayen ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, saboda gudun faɗuwa. Kuma babu gardama cewa tafiya kullum tana rage hawan jini. Duk ma'aikacin lafiya zai gaya maka haka.

Abin da kocin ya tsallake shi ne nawa take ragewa.

A likitocinmu ana karanta awon da 14/9, ƴan uwanmu na Katsina su ce 140/90, abu ɗaya ne. Daga nan hawan jini ke farawa. Bincike da aka maimaita a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa motsa jiki na yau da kullum yana sauke lambar sama da kamar 5 zuwa 8 a lissafin 140 ɗin. A namu lissafin bai cika 1 ba. Ragin nan yana da amfani sosai, kuma ba a biyan ko dala a kansa. Amma a ɗauki Baba wanda aka fara auna shi yana 17, ƙwaya ta sauko da shi 13. In ya bar ƙwayar ya riƙe tafiya kaɗai, inda zai tsaya shi ne 16 da ɗoriya, wato har yanzu yana cikin haɗarin da aka ba shi maganin dominsa.

Ba ma sai mun je ga takardun bincike ba. Da motsa jiki na warkar da tansiyo, da babu mace ɗaya mai ita a Kanambakashe ko Maijirgi. Matar da ke tashi da sussuka da daka, ta ja ruwa daga rijiya mai zurfi, ta ɗauko itace daga daji, wane koci ne zai koya mata zufa? Manomin da ke wuni da hauya a gonar gero tun saukar damina har girbi, shi ma haka. Amma a je kowace cibiyar lafiya ta CSI a tambaya, za a tarar da irinsu cikin masu zuwa karɓar magani. Binciken ƙasa da aka yi a Nijar a 2007 ya samu hawan jini ga fiye da baligi 1 cikin 5, a ƙasar da akasarin mutanenta da ƙarfin jikinsu suke ci. Shekaru suna sa jijiyoyin jini su yi tauri, gado yana da nasa kaso, haka gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Tafiyar asuba tana taɓa wani ɓangare na wannan, ba dukansa ba.

To me ya sa waɗanda suka bi maganar ke rantsuwa cewa sun warke? Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka ji a jikinsu suke faɗi. Hawan jini cuta ce da yawanci ba ta da alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu ita a duniya ba su san suna da ita ba. Saboda haka rashin ciwon kai ko rashin jiri ba ya nuna komai. Mutum na iya yawo da 18 yana jin garau. Sannan bayan an gama tafiya jini kan sauka na wasu sa'o'i, to wanda ya wuce kantin magani kai tsaye aka auna shi zai ga lamba mai daɗi, ya tafi gida da murna, alhali da an sake aunawa washegari kafin ya fita da an ga wata lambar daban. Akwai kuma halin ƙwayar kanta. Amlodipine, wadda mutane da yawa ke sha a nan, tana daɗewa a jiki, ba ta gama fita sai bayan kwanaki. Wanda ya bar ta ranar Litinin, in aka auna shi Laraba zai ga kamar babu abin da ya canja. Sai mako ya zagayo jinin ya koma inda yake tun farko, a lokacin kuwa ya riga ya gaya wa abokan hira cewa maganar koci ta tabbata, su ma sun tura wa wasu. Wasu ƙwayoyin ma ba sa ba da wannan jinkirin: atenolol da propranolol, in aka yanke su farat ɗaya, zuciya na iya tashi da bugu mai sauri, kuma ga mai ciwon zuciya hakan na iya zama ajali.

Ƙarshen hawan jinin da aka bari ba magani mun san shi, ko da ba mu cika kiran sa da sunansa ba. Dattijo ya tashi alwala ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya su mutu, a ce iska ta buge shi. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne kan gaba cikin abubuwan da ke kawo haka. Wani kuma zuciyarsa ce ke gajiya, ƙafafu su kumbura, ya kasa kwanciya sai a jingine. Wanda ya yi wannan murya ba zai zo ya ɗaga Baba zuwa makewayi ba, ba kuma shi zai sayar da akuya don kuɗin motar zuwa Maradi ba. Inna ce da ƴaƴanta za su yi.

Batun ƙoda kuwa an juya shi ne kai a ƙasa. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu lalata ƙoda a duniya, kuma magani irin captopril har ana ba da shi musamman don kare ta. Gaskiya ne wasu magungunan na buƙatar a riƙa duba jini lokaci-lokaci, gaskiya ne kuma suna da damuwarsu: amlodipine kan kumbura idon sawu, captopril kan kawo busasshen tari, hydrochlorothiazide kan sa yawan fitsari. Duk waɗannan dalilai ne na komawa a ce wa likita ya canja, don magungunan suna da yawa. In ana neman ƙwayar da ta fi cancanci a zarge ta, to ita ce ta ciwon gwiwa da baya, diclofenac da ibuprofen, da tsofaffi ke saya hannun masu yawo da magani ranar kasuwa suna sha kullum. Su kam suna taɓa ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini. Kocin bai ambace su ba ko sau ɗaya.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Maganin da aka ce za ka sha har ƙarshen rayuwa nauyi ne, ga kuɗi kowane wata, ga nisan likita, ga lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Dattijon da ke jin kunyar tambayar ɗansa kuɗin ƙwaya a karo na goma, ya ji an ce kwana 40 kawai ka huta, ai mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. Kuma akwai ƴar gaskiya ko a nan: wanda hawan jininsa bai yi tsanani ba, in ya rage ƙiba, ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, ya riƙe tafiya, likita na iya rage masa magani, wani ma a tsayar masa. Amma ana yin haka ne a hankali, da awo a kai a kai na makonni da watanni, kuma ba kowa ke dacewa ba. Mai auna ka ne zai yanke wannan hukunci, ba wanda bai taɓa ganin fuskarka ba.

Wasu daga cikin maganganun ba su kai a daɗe a kansu ba. Zufa ba ta fitar da cuta, sanyaya jiki take yi. Kwana 40 ba shi da asali a wani bincike, an zaɓe shi ne don yana da daɗin ji. Hana shan ruwa kuwa ganganci ne a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga tsoho wanda dama ba ya saurin jin ƙishirwa, balle in yana shan ƙwayar fitsari.

Maganar cewa kowane saurayi zai iya jan tsofaffi ita ce ta biyu wajen haɗari. Tara dattawa su motsa jiki tare abu ne mai kyau, mutum ya fi dagewa in ya san ana jiran sa a ƙofar masallaci. Amma horon ɗan kokawa na jiki ne mai shekara 25. A ƙasar New Zealand, a shekarun 1990, masana biyu na Jami'ar Otago, John Campbell da Clare Robertson, sun tsara atisaye na tsofaffi wanda a gwaje-gwajensu ya rage faɗuwa da kashi 35 cikin 100. Babu gudu a cikinsa. Tashi ne daga kujera a koma, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da wani abu, tafiya ana sa diddige a gaban yatsu, ɗaga ƙafa da ɗan nauyi a idon sawu, da tafiya ta hankali. Masu koyarwar kuma ma'aikatan lafiya ne da aka horar, suna duba kowane tsoho su tsara masa daidai ƙarfinsa, su ƙara masa kaɗan-kaɗan. Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce: tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Ba a ce sai an kawo gwani daga Yamai ba. Ƴan rele da ke zagaya ƙauyukanmu kan zazzaɓin cizon sauro da tamowar yara, ko malamin wasanni na makaranta, in aka ba su horo za su iya. Abin da ya zama dole su sani shi ne a auna kowa kafin ya shiga, wanda ya kai 18/11 a tura shi likita tukuna. Su san cewa riƙe numfashi yayin yunƙuri yana harba jini sama. Su san mai ciwon suga na iya faɗuwa in ya fito da yunwa bayan ya sha magani, su san a gama da tafiya ta sannu kada a tsaya cak. Su kuma san cewa ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya hana magana, alama ce ta tsayawa nan take, ba ta ragwanci ba. Hajiyoyi kuma a samar musu mace mai jagoranci da wuri mai sutura, in ba haka ba rabin tsofaffin garin ba za su fito ba.

Kada kuma tsoron wannan murya ya sa a ce Baba ya koma tabarma ya kwanta. A 1966 an kwantar da samari 5 masu lafiya a gado mako 3 a birnin Dallas na Amurka. Da aka sake gwada su bayan shekara 30, sai aka ga kwanciyar mako 3 ɗin ta fi rage musu ƙarfin zuciya da numfashi fiye da shekarun 30 da suka ƙaru. Samari ke nan, balle mai shekara 70. Tafiyar a ci gaba da ita, da sanyin safiya, da ruwa a hannu, tare da shan ƙwayar.

In a gidanku akwai wanda ya riga ya bar magani saboda wannan murya, kada a yi masa faɗa, kada kuma ya haɗiye biyu don rama wanda ya wuce. A kai shi CSI cikin makon nan tare da kwalin maganin ko takardar likita, a faɗi ranar da ya daina, a auna shi yana zaune ya huta, ba bayan tafiya ba. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce bayan ƴan mintoci, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ta baki don yana iya shaƙewa, kada kuma a jira gari ya waye. A nemi mota zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi.