Ruwan Haɗa Farce: Mai Wari ko Marar Wari?

Tun daga bakin ƙofar shagon da ake ƙarin farce wari ke tarbar mutum, irin mai hawa kai da sa ido ƙwalla. Warin ruwan akirilik ne. Mai gyaran farce takan tsoma burushi a cikinsa, ta dangwali hoda, sai wani ɗan dunƙule mai laushi ya maƙale a bakin burushin, ta shimfiɗa shi a kan farce, cikin 'yan mintoci ya daskare. Mata da yawa a Arewa sun fi karkata ga lalle, don ƙarin farce yana hana ruwan alwala isa ga farcen ainihi, amma sana'ar tana nan da ranta a Abuja da Kaduna da Kano, kuma 'yan mata da samari suna ci daga gare ta. Su ake tallata wa wani ruwan da aka ce marar wari ne ko mai ƙarancin wari, da sunan ya fi kyau ga lafiya. Wannan tallar tana bukatar a tsaya a duba ta, domin hanci ba ya auna illa, kuma wadda ta sauya ruwa ba ta sauya yadda take aiki ba tana iya zama an gudu ba a tsira ba.

Asalin wannan fasaha daga wajen likitocin haƙori ta fito a Amurka cikin shekarun 1950, kuma har yau dangin sinadaran da ake cike haƙori da su ne. Hodar roba ce da aka riga aka haɗa, ruwan kuma ƙananan ƙwayoyin sinadari ne da ba su kama juna ba tukuna. Idan suka gamu sai ƙwayoyin su sarƙe su zama abu mai tauri. Ruwan da aka saba da shi, sinadarin da ya fi yawa a cikinsa shi ne EMA, wanda ƙwayoyinsa ba su da nauyi, don haka yake saurin tashi ya bi iska. Masu yin marar wari sai suka koma ga sinadarai masu nauyi kamar HEMA. A zuba fetur a faranti ɗaya, man gyaɗa a ɗaya: fetur zai cika ɗaki da wari ya bushe, man gyaɗa kuwa yana nan kwance yana jiran hannun da zai taɓa shi.

Wannan zaman da ruwan yake yi shi ne tushen maganar. Marar wari ba ya saurin shan hoda, kuma ya fi jinkirin daskarewa, shi ya sa ake son dunƙulensa ya fi bushewa, wato a rage ruwa a burushi. Wadda hannunta ya saba da EMA, idan ta ɗebo yadda ta saba, haɗin zai malale gefen farce ya kwanta a kan fata. Ko an yi shi daidai ma, samansa yakan rage da danƙo, saboda iskar oksijin tana hana fuskar waje gama daskarewa. Da an sa abin gogewa sai danƙon ya riƙa murɗewa yana faɗowa kamar ɓarɓashi, a kan yatsun mai aiki, a kan hannun wadda ake yi wa, a kan tawul ɗin da za a jingina gwiwar hannu. Wannan ɓarɓashi sinadari ne ɗanye, kuma ɗanyen ne ke jawo borin jini. Wanda ya gama daskarewa ba shi da wannan ƙarfin.

Borin da ake magana ba ƙaiƙayin kwana biyu ba ne. Fata takan yi ta haƙuri watanni ko shekaru, rana ɗaya jiki ya ɗauki sinadarin a matsayin abokin gaba, daga nan kuma ba ya mantawa. Kan yatsu ya tsattsage, gefen farce ya kumbura, farce ya rabu da nama, wani lokaci har fatar ido da wuya su kama saboda taɓawa da hannu. HEMA na cikin sinadaran da aka fi kamawa da wannan laifi. A 2012 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana dangin akirilik a matsayin abin da ya fi jan hankalinta a shekarar. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan yawaitar matsalar, inda wani bincike ya nuna kashi 2.4 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna da borin. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2020, ta fara aiki a 2021, cewa kayan farce masu HEMA na ƙwararru ne kaɗai, kuma dole a rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Ga mai sana'a, kamuwa tana iya nufin barin aikin. Ga kowa kuma, tana iya kawo cikas ranar da za a cike haƙori ko a yi dashen gwiwa, don ana amfani da dangin sinadarin a can ma.

Wata za ta ce ai tururin ma cuta ne, ita ce ke wuni a cikinsa tana komawa gida da ciwon kai. Gaskiyarta. Tururin EMA yana fusata ido da hanci da maƙogwaro, kuma an danganta dangin sinadarin da cutar asma a wasu ma'aikata. Rage shi riba ce ta gaske, musamman ga mai aiki a ɗaki cikin gida, ko mai raba shago da masu kitso. A ƙasa mai zafi ma jinkirin daskarewar yana da amfani, tunda zafi yana sa EMA ya bushe kafin a gama shimfiɗa shi. Sai dai wari yana da aiki guda da yake yi: shi ke tilasta a buɗe taga. Idan ya ɓace, sai a rufe ƙofa a kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda iskar ciki kawai take juyawa, alhali ƙurar goge farce da tururin asiton da ake narkar da farcen da shi suna nan yadda suke. Maganin tururi shi ne a fitar da shi waje. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar tebur mai zuƙe iska ta ƙasa ya tura ta waje, kuma jihar Niyok ta wajabta wa sababbin shagunan farce na'urar fitar da iska a 2016. Takunkumin asibiti da ake ɗaurawa ba ya tare tururi ko kaɗan.

Kada kuma a ɗauka duk ruwa mai wari daidai yake. Akwai MMA, mai araha, mai wari mai kaifi fiye da na EMA, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kai masu sayar da tsantsarsa kotu tun a shekarun 1970, kuma jihohi da dama suka hana. Farcensa yana da tauri ƙwarai, da wuya ya narke a asiton, idan ya bugi wani abu yakan ɓalle tare da farcen ainihi. Kwalbar da ba ta da rubutun sinadarai, ko ruwan da aka ɗura daga jarka, ba a san abin da ke ciki ba, ko da wari ko babu.

Hukuncina shi ne, mai ɗan jari ta fara kashe shi a kan fankar zuƙe iska da gwangwanin shara mai murfi, ta ci gaba da EMA na kamfanin da ya rubuta abin da ya zuba. Wadda wurin aikinta ya tilasta mata marar wari, ta koyi haɗinsa a kan farcen gwaji kafin ta taɓa hannun mutum, ta haɗa shi da hodar da aka yi dominsa, ta sa safar hannu ta naitirayil tana sauyawa a kai a kai, don sinadarin yana ratsa ta leda da ta roba cikin ƙanƙanin lokaci. Ke kuma da za a yi wa, ki nemi a nuna miki kwalbar, ki kuma lura kada burushi ya taɓa fatarki.