Kokowa: abin da ya sa takobi ke wuya ga ƴan Maraɗi

Duk ƙarshen shekara, idan gasar kokowar takobin ƙasa ta kama, garin Cadawa yakan canza kama. Mai shayi ya ƙure muryar rediyo, ƴan kabu-kabu su jingine babura a gindin bishiya, a fada kuwa samari su yi cincirindo gaban talabijin ko wayar mutum ɗaya. Kwana biyu ko uku na farko baki har kunne, kowa na cewa bana takobi na Maraɗi ne. Kafin mako ya cika sai murya ta yi ƙasa. Haka abin yake a Agye, a Gazawa, har Gidan Runji.

Haushin yana da tushe. Lokacin da aka buɗe gasar a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, ɗan jahar Maraɗi ne ya fara ɗaga takobi, wato Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, wanda filin kokowar birnin Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Bayansa an yi Labo Maikafo, an yi Umaru Ali Bindigau, dukansu sun kawo takobi gida. Tun daga zamanin Bindigau kuwa shiru kake ji. Ko da gasa karo na 41 ta zo har Maraɗi, a ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, a filin Kantu aka naɗa wa baƙo rawani, ƴan gida suna kallo. Yaron da yau ya isa riƙe garma a Cadawa labarin takobin jaharsa kawai yake ji a bakin manya.

Idan ka zauna a fada za ka ji dalilai iri-iri. Wani ya ce alƙali ne, wani ya ce an ɗaure yaran da asiri, wani ya rantse cewa kuɗi aka karɓa aka faɗi. Zargi ne da ba ya ƙarewa a kokowa, kuma kowace jaha tana yi wa ƴar'uwarta shi. Amma kafin a kai ga layu da ƙulle-ƙulle, ya kamata a dubi yadda aka tsara gasar ita kanta, domin nan ne yawancin baƙin cikin yake fitowa.

Jahohi takwas ne ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo ƴan kokowa goma, jimla 80 ke nan. Kowace jaha sai ta kara da sauran bakwai ɗin, ɗaya bayan ɗaya. A kowace karawa ana ƙirga wadda ta fi yawan kaye, kuma wannan ƙirgar ce ke sa mai sauraro murna: ya ji an ce Maraɗi ta kayar da bakwai an kayar mata da uku, sai ya ɗauka an kama hanyar takobi. To amma takobi ba jaha ake ba wa ba. Mutum ɗaya ake ba wa, kuma sai wanda ya ratsa karawar nan bakwai ba a kai shi ƙasa ba yake da izinin nemansa. Wanda ya faɗi sau ɗaya zai ci gaba da shiga fili, zai iya kayar da duk wanda aka haɗa shi da shi, har ya ɓata wa wani babban zakara lissafi, amma shi kam takobin bana ya wuce shi. Waɗanda suka rage a tsaye su ne ke karawa tsakaninsu har a samu sarki.

Ke nan allon da ya kamata ɗan Cadawa ya sa wa ido ba na yawan kaye ba ne, na waɗanda ba a kayar ba ne. Jaha tana iya lashe karawarta ta yau da rinjaye mai yawa, alhali mutum ɗayan da ta dogara da shi yana cikin ukun da suka faɗi.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba na wani ɗan kokowa na gaske ba, don dai a gane. A ce ga gwani wanda in ya kama mutum goma yakan kayar da takwas. Kowa zai yarda wannan zakara ne. Amma damarsa ta cin karawa bakwai a jere ba tare da tuntuɓe ba kusan ɗaya ce cikin biyar. Ko wanda ke kayar da tara cikin goma, damarsa ba ta cika rabi ba. Kuma duk wannan kafin a zo wasan kusa da na ƙarshe, inda kowa ya gaji, kowa kuma ya san salon kowa. Santsin ƙafa, ciwon kafaɗa da aka kwana da shi, ko gargaɗin alƙali saboda ƙin kamawa, ɗaya daga ciki ya isa ya rushe shirin shekara.

A wasan besbol na Amurka, wanda ake bugun ƙwallo da kulki, wasan ƙarshe sau bakwai ake tanadin bugawa, wanda ya fara cin huɗu shi ne zakara. Ƙungiya tana iya shan kaye sau uku ta farfaɗo. Duk da wannan sassaucin, magoya bayan Chicago Cubs sun yi jira daga 1908 har 2016 kafin su sake ganin kofi. Ɗan kokowarmu ba shi da ko rabin wannan rangwamen.

Sai dai lissafi kaɗai ba zai wanke kowa ba, tunda tsarin ɗaya ne ga jahohin duka. Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, a cikin wannan tsarin ya ɗauki takobi har sau shida. A nan ne a ganina matsalar Maraɗi take. Tsarin ba ya saka wa jahar da ke da gwanaye goma masu kusan ƙarfi ɗaya, yana saka wa wadda ke da mutum guda da ya yi wa tsararsa nisa. Kantu irin wannan mutumin ne a zamaninsa. Kuma duk wanda ya yi tashe a shekarun Isaka Isaka, daga kowace jaha yake, ya tarar da bango a gabansa. Bangon ma yana tsagewa: a watan Disamban 2024, a gasa karo na 45, Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a wasan ƙarshe, a cikin Doso, gaban mutanensa.

Akwai kuma abin da masu goyon baya ba su cika son ji ba. Ɗan kokowa ba dole ne ya sa rigar jahar da aka yanke masa cibiya ba. Inda gwanaye suka yi yawa, gurbi goma ba ya isa, wanda bai samu shiga ba ko wanda aka yi wa tayin kulawa mafi kyau sai ya koma wata jaha. Ƙasar da kowane ƙauye ke kafa fili da kaka, bayan an ɗaure gero an haƙe aya, ita ce ta fi fuskantar wannan asarar. Kulawar kuwa ba wani abin ɓoye ba ne: abinci, magani in an ji rauni, mai horarwa, da abin da mutum zai bar wa iyali in ya tafi sansani. Yawancin ƴan kokowa manoma ne ko masu ƙananan sana'o'i. Wanda aka tara makonni kaɗan kafin gasa ba zai yi daidai da wanda ya shekara yana shiri ba.

Shi ya sa nake ganin wanda takobi ya dama a Cadawa bai kamata ya jira watan Disamba ba. Ƴan kokowa goman da za su wakilci jaha daga ƙasa ake tato su, daga gundumomi irin su Agye, Gazawa da Gidan Runji, kafin a yi zaɓen ƙarshe na jaha. A waɗannan filayen ne ake ganin yaron da ƙafarsa ta kafu, a nan ne kuma ake sanin ko an ɗauki wanda ya kayar ko wanda ke da uwa a gindin murhu. Ranar irin wannan zaɓen makaɗa da ƴan cali-cali suna nan, ƙura na tashi, amma da yawa daga masu zagin alƙali a gaban talabijin ba za ka gan su a bakin filin ba.