Kada Ku Kashe Tsaron Wayarku Saboda Wannan Saƙon

Ranar Talata da daddare Gwaggo ta kira ni hankalinta a tashe. "Ɗan nan, an ce akwai wani abu a wayata da zan kashe, ni kuwa ban san inda yake ba. Ka leƙo gobe ka kashe mini." Kafin gari ya waye saƙon da ya ɗaga mata hankali ya zaga zauren danginmu na WhatsApp, ya faɗa na 'yan unguwa, har wani abokin aikina ya turo mini yana tambaya ko gaskiya ne.

Saƙon yana ɗauke da hoton fuskar waya da jan gargaɗi, wai manhajar Google tana da haɗari. A ƙasa aka rubuta cewa manhajojin tsaro maƙaryata ne, suna yi wa manhajoji masu kyau sharrin leƙen asiri. Wai kamfanonin tsaron ne da kansu suke ƙera bairos. Wai duk wanda ya ga gargaɗin, jami'an gwamnati ne ke bibiyarsa. Daga ƙarshe aka ce kowa ya kashe Play Protect, wato manhajar tsaron wayar, ya sauke wani fayil da aka liƙa a saƙon domin ya "wanke" wayarsa.

Maganar bibiyar gwamnati shirme ce: gargaɗin bai san sunan mai wayar ba, balle laifinsa. Zancen kamfanoni na ƙera bairos kuwa tsohon zargi ne da mai saƙon bai kawo masa hujja ko ɗaya ba.

Amma hoton na gaske ne, kuma a nan dabarar take. A ƙarshen watan Oktoba na 2023, wayoyin Huawei da wasu na Honor da Vivo sun riƙa nuna cewa manhajar Google ɓarauniya ce mai aika saƙonnin tes a ɓoye. Kuskuren ya fito ne daga injin binciken kamfanin Avast da ke cikin wayoyin, kuma an gyara shi ranar 30 ga watan. Tsohon hoto ne aka tono aka yi masa sabuwar riga.

Irin wannan tuntuɓen ba baƙo ba ne. A watan Satumba na 2011 manhajar tsaron Microsoft ta ɗauki Chrome a matsayin Zbot, wani bairos mai satar lambobin sirrin banki, ta goge shi daga kwamfutoci. Kamfanin ya ce abin ya shafi mutum kusan 3,000. A farkon shekarar 2011 ɗin kuma aka yi ta yayata cewa Samsung na sayar da kwamfutoci da wata manhajar leƙen asiri mai suna StarLogger, wadda ke naɗe duk abin da mutum ya rubuta. Da aka bincika, ashe wata ma'ajiyar fayiloli ce mai suna SL, ta harshen ƙasar Sulobeniya, manhajar tsaro ta VIPRE ta ga haruffan biyu ta yi kururuwa. Wanda ya fi muni shi ne na kamfanin tsaro McAfee a watan Afrilun 2010, lokacin da ya kama wani fayil da Windows XP ba ya iya tafiya sai da shi, kwamfutocin ofisoshi suka yi ta mutuwa suna tashi.

Me ya sa haka? Manhajar tsaro kamar maigadi take cikin duhu. Wani lokaci da kamanni take gane ɓarawo, wani lokaci da ɗabi'a. To, ɗabi'ar ɓarawo da ta maigida takan zo ɗaya: wanda ya yar da makullinsa shi ma katanga yake haurawa. Manhajar banki tana iya neman karanta saƙon tes don ta ɗauko lambar tabbatarwa, ɓarauniya ma shi take nema. Manhajar alƙibla tana son sanin inda kake, mai leƙen asiri ma haka. Dole wata rana a kama mai gaskiya.

Kan cewa manhajar tsaro takan yi kuskure, ba ni da ja da saƙon. Inda raina ya ɓaci shi ne maganin da ya bayar.

Duk misalan nan da na kawo, ba ɗaya da aka magance ta hanyar kashe tsaro a ɗora baƙon fayil. Kamfanin da ya yi kuskuren ne ya amsa laifinsa ya fitar da gyara, galibi cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. Sannan a duba abin da saƙon ke nema: ka sallami maigadi, ka buɗe wa baƙon da ba ka san asalinsa ba. Da fayil ɗin mai tsabta ne, me zai sa a fara da kashe abin da zai bincike shi? Na karɓi wayar Gwaggo na duba. Fayil ne irin na APK, wato na ɗora manhaja, ba sunan kamfani, ba adireshi. Ban ɗora shi ba, don haka ba zan rantse da abin da ke cikinsa ba. Abin da na sani shi ne a cikin wannan wayar kuɗin adashen mata goma sha biyu yake, kuma nan lambobin bankinta ke shigowa. Manhajar da aka ba izinin karanta saƙo da ganin fuskar waya ba ta buƙatar komai bayan wannan.

Kada kuma a manta, gargaɗin yakan zama gaskiya. A watan Agustan 2021 masu bincike na Kaspersky sun gano bairos ɗin Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp ɗin nan irin su GB da matasanmu ke tura wa juna ta Xender. Yana iya karanta saƙonnin mutum, ya yi masa rajistar abubuwan da ake cire wa kuɗi ba da saninsa ba. Duk yaron da ya ga gargaɗi a kan irin wannan ya ce "ai ƙarya suke", an gudu ba a tsira ba.

Ba na ganin laifin Gwaggo ko kaɗan. Gargaɗin da Turanci yake zuwa, da jan launi, da kalmomin da ko ɗan boko sai ya yi tunani. Wanda kuma wayarsa ta taɓa hana shi ɗora abin da ya tabbatar mai kyau ne, yana da dalilin jin haushi. Wanda nake ganin laifinsa shi ne ɗan'uwanmu da ya turo saƙon, mutumin da ya yi karatu, ya san yadda ake bincike a intanet, amma ya danna turawa zuwa ga tsofaffi ba tare da ya ɓata minti biyu ba. Da na yi masa magana sai ya ce, "Yaya, ni ma haka na gan shi." Wannan ba uzuri ba ne.

To, idan gargaɗin ya fito, yaya za a yi? A fara da tambayar daga ina manhajar ta zo. In ta hanyar WhatsApp ko Xender ko wani shafi aka same ta, a gaskata gargaɗin a goge ta. In daga Play Store ce, ta kamfanin da kowa ya sani, akwai yiwuwar kuskure ne: a daina buɗe ta, a sabunta wayar, a jira kwana ɗaya a ga abin da kamfanin zai ce. Na ce yiwuwa, ban ce tabbas ba, domin a 2022 Google ya cire manhajoji da dama daga Play Store, har da wasu na lokutan salla da alƙibla, bayan an gano suna kwasar bayanan mutane a ɓoye. Mai ɗan sani zai iya ɗora fayil a shafin VirusTotal, inda injinan bincike fiye da 60 ke duba shi. In ɗaya ne kawai ya yi ƙorafi, da sauƙi, in kuwa sun kai ashirin, magana ta ƙare. Shi kuwa gargaɗin da ke faɗowa ana cikin kallon wani shafi, yana ƙirga bairos ɗin da ke wayarka yana cewa ka danna nan, talla ce ta 'yan damfara, a rufe shafin kawai.

Na bar wa Gwaggo Play Protect ɗinta a kunne, na goge fayil ɗin. Don Allah, duk wanda ya riga ya kashe nasa ya koma ya kunna yau. Wanda kuma ya ɗora fayil ɗin, ya cire shi, ya canja lambar sirrin bankinsa ta wata wayar, ya sanar da bankin. In ka tura wa wani saƙon, koma ka gaya masa ka yi kuskure.