Ƙaramin dam da ke saman unguwarku: Wa ke duba lafiyarsa?

A daminar bara wata baiwar Allah ta shigo shagonmu na magani a Masaka, riƙe da leda cike da ƙwayoyin hawan jini da suka jiƙe, tana tambaya ko za ta iya shanya su ta ci gaba da sha. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, waɗannan sai zubarwa." Da na tambayi yadda ruwa ya shiga ɗakinta, sai ta ce wani mai gona ne ya datse rafi shekaru da dama da suka wuce don kiwon kifi da noman rani, kuma ginin ƙasar ya zabge cikin dare. Lokacin da aka yi datsiyar, daji ne a ƙasanta. Yanzu gidajen haya ne jere.

Haka Masaka da Ado da Mararaba suka bunƙasa. Masu aiki a Abuja da kuɗin hayar birni ya fi ƙarfinsu suna ta gini har bakin rafi, ba tare da tambayar abin da ke sama da su ba.

A Amurka ana raba madatsun ruwa gida uku: masu babban haɗari, masu matsakaici, da masu ƙarami. Wannan rabo ba ya duba ƙarfin ginin ko tsufansa, yana duba abin da zai faru da mutanen ƙasa idan ya fashe. Dam sabo fil, in akwai gidaje a ƙasansa, mai babban haɗari ne. Mu masu harhaɗa magunguna mun san irin wannan lissafi, domin ƙwayar da babba zai sha lafiya tana iya halaka jariri. Saboda haka kududdufin da ba ya barazana ga kowa a 1995 yana iya zama abin tsoro a yau, ko da ba a taɓa masa komai ba. Mafi yawan madatsun Amurka na 'yan kasuwa da manoma ne, kuma ɗaya daga cikinsu, dam ɗin Edenville a Jihar Michigan, ya fashe a watan Mayun 2020, aka kwashe kimanin mutum 10,000.

Mu ma mun gani. Dam ɗin Bagauda a Kano ya ɓalle a watan Agustan 1988, na Alau kuma ya mamaye Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024, bayan 'yan makonni gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Waɗannan na gwamnati ne, da injiniyoyi a kansu. Ina ga wanda mai shi ya rasu, magada suna rigimar gado?

Ba sai kin zama injiniya ba kafin ki gane alamu. Ruwa mai laka yana tsattsafowa daga gindin ginin, tsagewa a samansa, bishiyoyi da suka yi saiwa a jikinsa, ramukan gafiya ko gidan gara, da hanyar fitar rarar ruwa da shara ta toshe. Na farkon ya fi tsoratar da ni, domin laka na nufin ruwa yana cin ginin daga ciki. Wanda ya ga haka ya sanar da mai unguwa, a kai kuka ga hukumar NASEMA ta Jihar Nasarawa a rubuce.

A gida kuma, a ajiye magungunan hawan jini, suga da asma a roba mai murfi a wuri mai tsayi, tare da katin asibiti. Duk maganin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar. A tafasa ruwan sha, musamman na rijiya. In yaro ya fara gudawa kuma babu ORS a kusa, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan hanyar asibiti.