Hoton ciki a watan takwas: Abin da zai iya ceto masu juna biyu a Giyawa

A Giyawa da ke Ƙaramar Hukumar Goronyo, da ƙauyukan Wurno da Rabah, yawancin mata a ɗaki suke haihuwa a hannun ungozoma. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai 1 cikin 10 ba.

Sau da yawa akan sauka lafiya. Amma akwai matsalar da ungozoma ba ta iya ganowa da hannu, wato inda mabiyiya ta zauna a cikin mahaifa.

Mabiyiya ce ke kai wa jariri abinci da iska ta cibiya. A kusan ciki 1 cikin 200, takan zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa. Alamarta ita ce zubar jini ja ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe. Idan naƙuda ta tashi a haka, jini na iya ɓallewa har a rasa uwa da ɗa.

Hoton ciki, wanda ake kira sikanin, yana nuna wannan tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako 24. Idan aka ga mabiyiya a ƙasa, likitoci kan sake dubawa a mako 32, domin mafi yawansu kan matsa sama yayin da mahaifa ke girma. Wadda tata ta ci gaba da tare hanya, tiyata ce mafita.

Hoton yana kuma iya nuna mabiyiyar da ta manne da jikin mahaifa, musamman ga macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Sai dai ba kasafai yake kama wadda ta rabu da mahaifa kafin lokaci ba. Don haka duk jinin da ya zo wa mai tsohon ciki, a garzaya asibiti ko da hoton baya ya nuna lafiya.

Ga mutanen gabashin Sakkwato, babban amfanin hoton shi ne samun lokacin shiri. Matsalar 'yan bindiga ta sa tafiyar dare ta zama kasada, ga tsadar mota. Iyalin da suka san matsalar tun ciki na wata takwas za su iya tanadin kuɗi, su nemi 'yan'uwan da za su ba da jini, sannan matar ta koma kusa da asibitin da ke yin tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kafin naƙuda ta kama.

Mata da dama kan tambayi mai hoto ko namiji ne ko mace. Tambayar da ya kamata ta zo a gaba ita ce: a ina mabiyiya take?