Yaro, Je Ka Tambayo Mana Ƙarfe Nawa

Kafin wayar salula ta cika gari, idan maigida ya yi shakkar agogon bangonsa, yaro yake aika wa makwabta: "Maza je ka tambayo mana ƙarfe nawa." Yaro ya je, a ce masa huɗu da minti goma, ya juyo. To amma kafin ya iso ai lokaci bai tsaya jiransa ba. Dattijo mai lura ba ya saita agogo a kan abin da yaron ya faɗa tsurarsa. Sai ya duba minti nawa ya yi tun fitarsa, ya raba biyu, ya ɗora rabin a kai.

Da wannan dabarar ce kwamfutocin duniya ke daidaita agogunansu, ta tsarin NTP da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya fito da shi a 1985. Rauninta ɗaya ne da na aiken yaro: ana ɗauka zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. In ya tsaya kallon ƙwallo a hanyar dawowa, lissafi ya karkace, kuma ba wanda zai sani.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a 'yan daƙiƙu? Ka ɗauki ɗan kasuwa mai shago biyu, kowanne da yaronsa da littafin bashinsa da agogon hannunsa. Da dare ana haɗa littattafan, rubutun da ya fi kusa a lokaci shi ne ake ɗauka. Hajiya ta ci bashin atamfa a shago na farko, ta taka zuwa na biyu ta biya. Amma agogon yaron farko yana gudu, sai littafi ya nuna bashin ne ya zo ƙarshe. Gobe a aika mata a kan kuɗin da ta riga ta biya. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi sata, ga mutuncin baiwar Allah ya taɓu. Haka rumbun bayanai irin su Cassandra ke aiki: rubutu mai lokacin ƙarshe shi ke danne sauran, wanda aka danne kuwa ya ɓace shiru. Wannan shirun ne ke tayar mini da hankali, domin na'urar da ta mutu kowa zai gani, wadda agogonta ya zame kuwa tana nan tana aiki kamar lafiyarta ƙalau.

Maganin da ya fi burge ni shi ne na Spanner, rumbun bayanan da Google ya bayyana a 2012. Sun kafa agogunan atom da na'urorin GPS a cibiyoyinsu, duk da haka ba su yarda agogon ya ce "ƙarfe kaza ne" ba. Cewa yake, lokaci yana tsakanin nan da nan, tazarar da yawanci ba ta wuce kashi 7 cikin 1000 na daƙiƙa gaba ko baya. Kafin a tabbatar da rubutu, sai na'urar ta dakata har tazarar ta wuce. Mai azumi ke nan ranar da hadari ya rufe yamma: dabino na hannunsa, agogo ya ce rana ta faɗi, amma ya ɗan saurara har shakka ta gushe, sannan ya kai baki.