Yaron Da Ya Sunkuyar Da Kai Ba Taurin Kai Ya Yi Ba

A unguwannin 'yan Arewa mazauna Kudu, kamar Sabon Badun, da Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Shagamu, akwai wata wahala da yara ke sha a makaranta wadda iyaye da yawa ba su lura da ita ba. Wahalar ita ce a ɗauki maganar yaro da ladabin gidansu a matsayin laifi.

Ɗan Bahaushe an hore shi kada ya haɗa ido da babba. In ana yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, kuma yana jin nauyin ambaton sunan mahaifinsa. Malamin da bai san wannan ba sai ya zaci yaron na ɓoye laifi ne, ko kuwa daƙiƙi ne. Daga nan sai bulala, alhali kunya ce aka koya masa tun yana goye.

Ko a tsakanin Hausawa ba a tsira ba. A zango ɗaya akan sami Basakkwace da Bakano da Bazazzagi. Ɗan Sakkwato ya ce "shina zuwa" ko "hwari", sai a fashe da dariya a ajin Islamiyya, a ce masa "yana zuwa" da "fari" ake cewa. Ɗan Zariya ya ce "yarinya ne", sai a ce ya yi gwaranci. Lalle Hausar littafi a kan Kananci aka gina ta, amma wannan bai mai da sauran kuskure ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma ya tattara kalmomin Sakkwato da na Katsina. Yaron da aka yi wa dariya sau biyu ba ya sake ɗaga hannu, kuma da haka karatu ke fita ransa.

An gwada an gani. A 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara 6, Turanci kuwa darasi ne guda. Yaran suka yi fice, kuma ba a bar su a baya a Turancin ba. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na garin da ake zaune. To, a Badun harshen gari Yarabanci ne, watau ɗan zango ya shiga aji da baƙin harsuna biyu, bayan Larabcin makarantar allo. Yaro mai wannan kaya haƙuri yake bukata.

Maganin yana hannun iyaye da sarakunan Hausawa na zangunan. Uba ya je taron iyaye da malamai, ya bayyana wa malami ma'anar sunkuyar da kai. A gida kuma a faɗa wa yaro cewa duban malami in yana magana ba rashin kunya ba ne a can. Malaman Islamiyya su koya Hausar rubutu ba tare da kushe ta gida ba, su ce "haka ake rubutawa", kada su ce "ba ka iya ba".

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A ƙara wa yaro sabon harshe, kada a ƙwace wanda ya zo da shi.